Ƙanena ya rasa hannun dama a injin casa: ta yaya zai koma yi wa kansa hidima?

Yayan Mai Jinya, Bunkure

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan larura a jikinsu, ko suka yi jinyar mai ita, ko kuma aikinsu ne kula da irin waɗannan marasa lafiya. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Bunkure, kuma shinkafa muke nomawa da ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga. A kakar da ta wuce ƙanena yana tura shinkafa cikin injin casa, sai injin ya kama hannun rigarsa ya ja, kafin a kashe shi ɓarna ta riga ta auku. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma dole aka yanke hannun dama, aka bar masa gwiwar hannu da kusan rabin abin da ke tsakaninta da wuyan hannu. Ciwon ya rufe, an cire zare, an sallame mu mun dawo gida.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, tun da muka dawo komai yi masa ake yi. Mahaifiyarmu ce ke ba shi abinci a baki, matarsa ce ke sa masa riga, ni nake riƙe masa buta in zai yi alwala, har ɗaurin tazuge sai an taya shi. Mutum ne da a da ba ya zama, shi ke fara fita gona kuma shi ke dawowa a ƙarshe, amma yanzu ya daina fitowa ƙofar gida inda muke ciyayya da maƙwabta bayan magariba. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce ba zai sa hannun da yake tsarki da shi cikin kwanon da mutane ke ci ba. Ban da wannan, da dare yakan tashi yana cewa yatsun hannun da aka yanke suna yi masa zugi, har wasu dattawan gidanmu sun fara maganar a nemo mai ruƙiyya.

Tambayata ita ce: daga ina ake farawa? Yaya mai hannu ɗaya yake wanka da tsarki da alwala da sa tufafi ba tare da ya jira wani ba? Akwai abin da zai iya yi a gona nan gaba, ko kuwa mu haƙura da wannan? Wasu 'yan'uwa sun ce mu sayar da sa ɗaya mu saya masa hannun roba, wasu kuma, Allah ya yafe musu, sun fara nuna cewa masu irin larurarsa a birni suke samun na abinci. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Dattijo daga Maigatari

Wa'alaikumus salam. Ɗana, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ce. Ni hannun dama ne ba ni da shi, kuma nawa sama da gwiwa aka yanke tun ina saurayi, bayan karayar da aka ɗaure mini da karare aka matse har hannun ya yi baƙi. Na yi aure da hannu ɗaya, na yi noma da shi, na aurar da 'ya'ya, saboda haka abin da zan faɗa maka ba labarin da na ji ba ne.

Abu na farko, ku daina ba shi abinci a baki daga yau. Na san zai yi wa mahaifiyarku nauyi, domin ita tausayi take yi, amma wannan tausayin shi ne zai zaunar da shi. Duk ranar da aka yi masa abin da zai iya koya, an ƙara masa kwana ɗaya na zama a ɗaki. Taimakon da yake buƙata daga gare ku shi ne ku gyara masa kayan da yake amfani da su, sannan ku ja baya ku bar shi ya yi fama, ko da zai ɓata lokaci, ko da miya za ta zuba masa a riga. Kada ku tsaya a kansa kuna kallo, domin idon mutane ya fi aikin kansa wahala.

Ka fara da tela. A cire tazuge daga duk wandunansa a sa roba, kuma a daina ɗinka masa riga mai maɓalli a wuyan hannu, domin maɓallin hannun hagu ba ya ɓalluwa da hannun hagu. Rigar da ake zurawa ta ka ta fi masa, mai faɗin wuya. In zai sa riga, dungun ne ke fara shiga, sannan kai, sannan hannun mai lafiya. In zai cire kuma sai ya kamo ta daga bayan wuya ya jawo ta kansa, hannun mai lafiya ya fara fita. Hannun rigar da ya rage yana reto a naɗe shi a ɗinke ko a rage tsawonsa, musamman tunda zai koma kusa da injina da wuta. Takalmi kuwa, silifa ko sau-ciki, a manta da mai igiya.

Wanka ba shi da wuya in an shirya makewayin. A buga ƙusa mai ƙarfi a bango daidai tsayin kafaɗarsa, a ɗaura mata dogon soson raga ta gefe ɗaya, shi kuma ya riƙe ɗaya gefen ya ja ya miƙe, sai ya juya baya ya goga. Da wannan soson ne zai wanke hammatar hagu da hannun hagun kansa, waɗanda su ne wuraren da suka fi gagarar mai hannu ɗaya, kuma su ne masu jinya ke mantawa da su. Sabulu a saka shi cikin tsohuwar safa a rataye a wata ƙusar, don kada ya riƙa suɓucewa yana faɗawa ƙasa. A ajiye masa kujera 'yar tsuguno ya riƙa wanka a zaune, domin a watannin farko jiki yakan karkata, mutum yana iya zamewa ya miƙa hannun da babu don ya kare kansa. Wannan faɗuwar tana da muni ƙwarai, a kan dungun ake sauka.

Maganar tsarki ita ce ta fi cin rai, kuma zan faɗe ta a fili tunda larura ce. Buta tana son hannu biyu, ɗaya na zubawa ɗaya na wankewa. Abin da na yi shi ne na ɗora jarka a kan dutse mai ɗan tudu a gefen masai, aka huda ta ƙasa aka sa mata kan famfo da ɗan gajeren tiyo. In na buɗe, ruwa na zuba da kansa, hannuna na aiki. Kusa da ƙofa kuma akwai wata ƙaramar jarka a rataye a kan itace, an ɗaura mata igiya zuwa wani kara a ƙasa, in ka taka karan sai ta karkata ruwa ya zubo. A ƙarƙashinta aka kafa burushin wanki a jikin katako, bakinsa yana kallon sama, sai in shafa sabulu in goga tafin hannu da yatsu da ƙarƙashin farce a kansa. Kafintan ƙauye zai haɗa wannan duka cikin yini ɗaya. Farcen kuma kada ya bari ya yi tsawo; ko mai yankan farce ranar kasuwa, ko a ɗaure abin yankan farce a jikin katako ya riƙa danna shi da diddige.

Noma kuwa, kada wanda ya ce maka ya ƙare. A ƙasarmu ta rairayi muna noma da ashasha, mai doguwar ƙota da ake turawa a tsaye, ni kuma ina tokare ƙarshen ƙotar a ƙuguna da ɗamara in tura da jiki. Na san ƙasarku ta shinkafa laka ce mai nauyi, garma ba za ta yiwu masa da hannu ɗaya ba, amma shuka da zuba taki da ban ruwa da tsaron tsuntsu da kula da 'yan ƙwadago duk nasa ne. Kiwo ma ya fi komai dacewa da mu. Ina jan ruwa a rijiya da guga ta hanyar jawo igiya in take da ƙafa, in sake kamowa in take, ko da yake famfon tuƙa-tuƙa ya fi sauƙi kuma ya fi aminci. Akwai abubuwan da har gobe sai na kira wani, kamar ɗaurin dami da ɗora buhu a kan amalanke, kuma ba na jin kunyar hakan tunda masu hannu biyu ma kira suke yi. Abu ɗaya nake roƙonka da shi: kada ka bar shi ya hau babur a yanzu, domin totur da birkin gaba duk a hannun dama suke.

Su kuma masu maganar birni, ka ce musu su bari. Wanda ya fara miƙa hannu a bakin titi da wuya ya dawo gona. A nan Jigawa gwamnati ta fara ba masu larura alawus a zamanin gwamna Sule Lamido, a lokacin naira 7,000 ne a wata, a ƙasa baki ɗaya kuma akwai dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, har ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ya kamata ya yi rajista da ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙaramar hukumarku, ko don ya haɗu da irinsa, amma kada ya ɗora rayuwarsa a kan jiran wannan.

Ɗalibin zaure, Gaya

Malam, Allah ya ƙara haƙuri. Ni ba likita ba ne, zan tsaya a kan abin da ya hana ƙaninka fitowa ciyayya, domin shubuha ce wadda ilmi ke warware ta. Umarnin cin abinci da dama tabbatacce ne, amma a kan mai iko yake. Hadisin da mutane ke tsoratar da juna da shi, na mutumin da ya ci da hagu a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba zai iya ci da dama ba, a cikin ruwayar kanta an bayyana cewa girman kai ne ya hana shi. Ƙaninka ba girman kai ya hana shi ba, ƙaddara ce ta same shi. Allah ya ce a ƙarshen Suratul Baƙara ba ya kallafa wa rai sai abin da zai iya, kuma aya ta 61 a Suratun Nur, wadda ta ɗauke ƙunci daga makaho da gurgu da majinyaci, a kan maganar cin abinci a gidajen dangi da abokai ta zo. Hannun da aka wanke da ruwa da sabulu har najasa ta gushe mai tsarki ne, babu wani hukunci da ya rage a kansa. In yana son ƙarin natsuwa, ya fara gusar da najasar da hoge ko takardar bayan gida kafin ya sa ruwa, tunda haɗa su biyun shi ne mafi falala ko ga mai hannu biyu.

Game da alwala, tunda gwiwar hannunsa tana nan, wajibi ne ya wanke abin da ya rage na hannun dama har da gwiwar. Wanda aka yanke wa sama da gwiwa, kamar Baba na Maigatari, shi wankin wannan hannun ya faɗi daga kansa, domin gurbin farillar ya tafi. In akwai bandeji da likita ya ce kada a cire, sai ya yi shafa a kansa. Wankin hannun hagu shi ne wurin tambaya, saboda a mazhabar Malikiyya cuɗawa farilla ce. To ya zuba ruwa a kai ta hanyar jarkar da Baba ya bayyana, ya cuɗa da ragowar hannun dama gwargwadon iko, ko wani ya taya shi, abin da ya gagara kuma an yafe. A wankan janaba ma malamai sun halatta cuɗawa da ƙyalle ga wurin da hannu ba ya kaiwa. A sujada ya ajiye abin da zai iya ajiyewa, sallarsa cikakkiya ce, kuma in ya miƙa hagu don musafaha babu laifi.

Akwai wani abu da ya kamata ka lura da shi, kai da kake yayansa. Taimako a abin da ya shafi al'aura matarsa ce ta fi cancanta da shi, domin ita shari'a ta halatta wa, kuma shi kansa zai fi sakewa da ita. Naka aikin yana waje: ka samu limamin masallacinku ka yi masa bayani, ya faɗi hukuncin nan a gaban jama'a ba tare da ya ambaci suna ba, domin sau da yawa ba mai larurar kaɗai ke da shubuhar ba, har da wanda zai ja kwano baya in ya ga an miƙo hagu. Ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani da addu'a alheri ce ga kowane ciwo, amma kada a ce masa aljanu ne ke riƙe da yatsunsa; a bar masana lafiya su yi bayanin wannan.

Mai aikin gashin ƙashi, Kano

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Zugin da yake ji a yatsun da babu su sananne ne a wurinmu, kuma mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna jin wani abu makamancinsa. Dalilinsa shi ne, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke kula da wannan hannun yana nan bai tafi ba, jijiyoyin da aka yanke kuma suna ci gaba da aika saƙo, sai ƙwaƙwalwa ta fassara shi da cewa daga yatsu ya fito. Ga mutane da yawa yakan ragu da tafiyar lokaci. Akwai wata hanya mai sauƙi da wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Ramachandran, ya fito da ita a shekarun 1990: a tsayar da madubi a gabansa ta yadda dungun zai ɓuya a bayansa, ya kalli hoton hannun hagu a ciki kamar shi ne na dama, ya riƙa buɗe yatsu yana rufewa a hankali na kamar minti 10 zuwa 15 a kullum. Ba kowa take yi wa aiki ba, amma ba ta da tsada. In zugin ya hana shi barci, ku koma asibiti, akwai magungunan ciwon jijiya da likita ke rubutawa. Kada ku saya masa tiramadol a kemis ko a hannun masu talla, domin da yawa daga nan suka faɗa shaye-shaye.

Dungun yana buƙatar kulawa kullum. A wanke shi da sabulu, a tsane shi sarai, a duba ƙarshensa ko akwai ja ko ƙurji ko ruwa ko wari; in aka ga ɗaya daga ciki, ko zazzaɓi ya zo tare da kumburi, asibiti za a nufa ba tare da an shafa toka ko baƙin mai ko wani haɗi ba, kuma kada a bari a yi masa tsaga ko sakiya. A riƙa naɗe shi da bandeji mai talewa, naɗi a karkace mai gicciye, ya fi matsewa a ƙarshe ya sassauta yayin da ake hawa sama. Naɗin da aka yi a zagaye kamar ƙawanya yana tare jini, ya sa ƙarshen ya kumbura. Ku sa ma'aikacin asibiti ya nuna wa matarsa yadda ake yi a gabansa. Don rage tsananin jin zafi in an taɓa, ya riƙa bubbuga wurin da yatsa a hankali, yana shafa shi da auduga, daga baya da tawul, har fatar ta saba.

Gwiwar hannun nan da aka bar masa dukiya ce, kada ya bari ta ƙage. Masu wannan ciwo sukan riƙe hannun a lanƙwashe a jikin ƙirji saboda tsoro, in aka daɗe haka sai ta ƙi miƙewa. Kullum ya miƙe ta har ƙarshe ya lanƙwasa, ya ɗaga kafaɗa sama da gefe da baya. Da wannan ragowar hannun zai danne takarda in yana rubutu, ya tokare kwano, ya rataya buta ko leda, ya maƙale abu a jikinsa. Hannun hagun ma a tausaya masa, tunda aikin biyu ya koma kansa, ciwon kafaɗa da na wuyan hannu sukan biyo baya in ana ɗora masa nauyi fiye da ƙima. Haƙora kuma kada su zama hannu na biyu wajen buɗe kwalba da jan igiya.

Ga wata dabara da nake ganin za ta taɓa matsalar cin abincin kai tsaye. Tunda an bar masa rabin hannun, baduku zai iya ɗinka masa ɗamarar fata mai laushi da za ta zagaye dungun, da ɗan aljihu siriri a jikinta inda za a soke ƙotar cokali. In aka ɗan lanƙwasa cokalin ta wajen baki, zai iya ɗebo shinkafa ko tuwon da aka gutsuttsura ya kai baki da ɓangarensa na dama. Aljihun nan zai riƙe biro da burushin haƙori ma. A sa safa mai tsabta a ƙarƙashin fatar, kuma a cire ta bayan an gama, kada ta kwana a jiki.

Hannun roba kuwa kala-kala ne: akwai na ado wanda ba ya motsi, akwai mai ƙugiya da ake buɗewa da motsin kafaɗa ta hanyar waya da ɗamara, akwai kuma mai batir wanda tsadarsa da ƙura da zafi da matsalar caji suka sa bai dace da ƙauye ba. Wanda aka yanke wa ƙasa da gwiwa ya fi kowa cin moriyar hannun roba, kuma wanda aka sa wa da wuri ya fi saurin sabawa da shi. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, yana da sashen da ake auna mutum a haɗa masa, kuma akwai sashen gashin ƙashi a can da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Shawarata ku je a duba shi a faɗa muku farashi kafin ku yanke hukunci. In kuma kuka ga ya daina ci, ya daina barci, ko yana ambaton gara ya mutu, wannan ciwon damuwa ne da ake magani, ku faɗa wa likita kada ku ɓoye.

Dattijo daga Maigatari

Likita ya yi bayani mai kyau, amma a kan hannun roba ina da ja. An taɓa ba ni na ado kyauta, na sa shi a bukukuwa da sallar idi, daga baya na rataye shi, domin a zafin bazara gumi yake tarawa ya sa ƙaiƙayi, kuma ba ya riƙe ko da kara. Na yarda nawa ya bambanta da nasa tunda ni ba ni da gwiwa. Duk da haka kada a sayar da san noma saboda 'yan'uwa suna jin nauyin ganin hannun riga babu kowa a ciki. In za a saya, a sayi mai ƙugiya wanda zai riƙe ƙotar fartanya, kuma ya zama shi ne ya ce yana so.

Uwar gida daga Gwaram

Ƙanena, Allah ya ba ku ladan jinya. Maza sun yi magana a kan mai ciwon, ni zan yi a kan matan gidan, domin ni ce na yi jinyar yayata da ta rasa hannun hagu a haɗarin mota, kuma yau ita ke girkinta da kanta. Ka zauna da mahaifiyarku a keɓe ka lallashe ta, kada ka ce mata ta yi kuskure. Ka ce mata likita ne ya ce a bar shi ya ci da kansa, za ta fi karɓa. Matarsa kuma yarinya ce da abin ya faɗo wa ba shiri, tana buƙatar wanda zai tambaye ta yadda take, kuma kada dangi su sa mata ido suna lissafin ko za ta zauna ko ba za ta zauna ba.

Ita ce za ta sauƙaƙa masa cin abinci ba tare da kowa ya lura ba. Ta riƙa yi masa tuwo mai ɗan laushi, ta yayyanka nama ƙanana tun a tukunya, ta zuba masa a kwano mai nauyi da zurfi wanda ba ya gudu in an tura cokali, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa. Miyar kuka da ta kuɓewa masu yauƙi suna wahalar da mai koyon ci da cokali, a fara da miyar taushe ko shinkafa da wake har hannunsa ya faɗa. Fura da kunu kuwa a ba shi a kofi mai mariƙi. Kayansa na yau da kullum, hula da carbi da waya da tocila, a ajiye su wuri ɗaya ta gefen hagun shimfiɗarsa, kada yara su riƙa ɗauka.

Abin da ya fi taimakon yayata shi ne wani katako da kafinta ya buga wa ƙusoshi uku suka fito ta sama, tana soke albasa ko dankali a kai ta yanka, kuma tana tokare tukunya tsakanin duwatsun murhu da wani dutse na huɗu in za ta tuƙa tuwo. Wanki tana take tufa da ƙafa a kan dutse ta cuɗa da hannu, matsewa kuma ta naɗa a jikin turke ta murɗa. Shi namiji ne, ba lallai ya yi girki ba, amma irin wannan katakon zai yi masa amfani wajen yankan rake ko gyaran kayan gona. Ku kuma ba shi wani aiki da gidan ke dogara da shi a kansa, ko da kula da tumaki ne ko riƙe lissafin taki da kuɗin 'yan ƙwadago, aikin da in bai yi ba za a ga giɓi.

Yayan Mai Jinya, Bunkure

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta masa amsoshin nan, ya saurara har ƙarshe, kuma ya sa na maimaita masa bayanin Malam a kan ayar Suratun Nur. An kai wandunan wurin tela, kafinta kuma zai zo ya duba makewayin. Mun bar maganar sayar da sa har sai mun je Dala an auna shi. Likita, ina da sauran tambaya a kan ɗamarar cokalin: ƙarshen dungun har yanzu yana ɗan kumbura da yamma, shin mu kai wa baduku awo yanzu, ko mu jira kumburin ya sauka tukuna? Baba na Maigatari kuma, in da hali a bayyana mana tsayin da ya dace a ɗora jarkar tsarkin da tsawon tiyon, domin kafintan ya san abin da zai yanko.